Yadda hotunan makarantu da ƙananan garuruwa ke zama taskar tarihin Potiskum

Yawancin hotunan Potiskum da suka zaga duniya ta kafafen yaɗa labarai an ɗauke su ne a ranakun baƙin ciki. Akwai na harin da aka kai kasuwar shanu a watan Mayun 2012, akwai kuma na ranar 10 ga Nuwamban 2014, lokacin da ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a wurin taron safe na makarantar sakandaren kimiyya da fasaha ta gwamnati, inda ɗalibai fiye da 40 suka rasa rayukansu. Wanda bai taɓa taka garin ba, da wuya ya san shi da wata fuska ban da wannan.

Mazauna garin kuwa wata Potiskum suka sani: ta jerin tireloli a bakin titi, ta fatake da dillalan shanu, ta hawan sallah, ta ɗalibai masu sammakon zuwa aji. Wayar hannu ta sa ɗaukar hoton wannan rayuwa ya zama abu mai sauƙi ga kowa. Abin da ya rage da wuya shi ne adana hotunan ta yadda za su yi shekaru suna da amfani, kuma a nan ne taskar hotuna da mutum zai buɗe a shafinsa na intanet take da muhimmanci.

Darajar hoton yau da kullum

Potiskum gari ne da ya sha sauye-sauye cikin ƙarni guda. A shekarar 1924 ne hedikwatar Masarautar Fika ta Bolewa ta taso daga garin Fika ta dawo nan, inda suke zaune tare da Ngizimawa da Karekare da Ngamo da Hausawa da Fulani da Barebari. A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Borno, garin ya zama babbar cibiyar kasuwancinta. A cikinsa akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da kuma kwalejin nazarin harkokin mulki da fasaha ta gwamnatin jiha, waɗanda ke karɓar ɗalibai daga sassa daban-daban na ƙasar nan.

Kowace shekara wani abu na ɓacewa daga wannan fuska. Ginin ƙasa na ba da wuri ga na bulo, ana sare tsohuwar bishiyar darbejiya don faɗaɗa hanya, ana rushe tsohon ɗakin karatu a gina sabo. Haka abin yake a garuruwan da ke kewaye, irin su Fika da Gadaka da Ngalda da Mamudo da Damagum. Hoton ƙofar makaranta ko na rumfar mai shayi ba ya ɗaukar hankalin kowa a ranar da aka ɗauke shi. Bayan shekara 30 kuwa, yana iya zama shaida ɗaya tilo da ta rage a kan yadda wurin yake.

Tarihin ɗaukar hoto a Najeriya ya tabbatar da haka. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda aka haifa a 1930 ya rasu a 2014, ya ɗauki hotunan ɗalibai a harabar jami'ar Ibadan tun yana matashi, daga 1968 kuma ya duƙufa kan ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya har ya tara kusan dubu. Abin da mutane ke wucewa ba tare da sun waiwaya ba, yau yana rataye a manyan gidajen adana kayan tarihi na duniya.

Misali mafi kusa yana Maiduguri. A 2015 Fati Abubakar ta fara wallafa hotunan rayuwar yau da kullum ta Borno a Instagram ƙarƙashin sunan Bits of Borno: 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu biki. Manufarta ita ce a ga jihar da wata fuska ban da ta rikici, kuma manyan jaridun ƙetare sun ba da labarin aikin.

A Potiskum kanta an taɓa yin aikin adanawa irin wannan, amma a fannin harshe. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar California da ke Los Angeles, wanda ya fara nazarin harshen Ngizim a garin tun ƙarshen shekarun 1960, ya haɗa hannu da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri da masu jin harsunan yankin, suka samar da ƙamusoshin Bolanci da Ngizim da Karekare da Ngamo da Bade, suka kuma sanya sakamakon aikin a intanet. Abin da suka yi wa kalmomi shi ne ake bukatar a yi wa gine-gine da tituna da sana'o'i.

Hoto ba bayani, rabin aiki ne

Abin da ke raba taskar tarihi da tarin hotunan da ke cikin waya shi ne bayani. Kowane hoto na bukatar abubuwa huɗu a ƙarƙashinsa: ranar da aka ɗauke shi, ainihin wurin, abin da ke faruwa, da sunan wanda ya ɗauka. Rubuta “Potiskum” kawai bai wadatar ba. A faɗi unguwa, ko Bolewa ce ko Dogo Nini ko Dogo Tebo ko Yerimaram, a faɗi sunan ginin da ɓangaren da aka tsaya.

Yana da kyau kuma a rubuta sunan wuri yadda masu shi ke kiransa. Bolewa suna kiran Fika da Pikka, suna kiran sarkinsu da Moi, kuma jama'a da dama Pataskum suke cewa. Mai nazarin da zai zo nan gaba zai amfana da waɗannan sunaye daidai da yadda zai amfana da hoton.

Rashin bayani na da wata illa. An sha ganin tsohon hoto, ko hoton wata ƙasa, ana yaɗa shi a matsayin abin da ya faru jiya a wani gari na Arewa. Hoton da ke da kwanan wata da mazauni tabbatacce a intanet ya fi sauƙin tantancewa, don haka ya fi wuyar amfani wajen yaɗa ƙarya.

Dalilin buɗe shafin kai

Mutane da yawa na ɗaukar Facebook da WhatsApp a matsayin ma'ajiya, alhali ba don haka aka gina su ba. Manhajojin na rage nauyin hoto don ya yi saurin buɗewa, wanda ke rage ingancinsa, suna kuma goge bayanan da kyamara ke liƙa wa hoton, kamar rana da lokaci. Sannan idan aka yi wa mutum kutse ko aka rufe shafinsa, aikin shekaru na iya tafiya a dare ɗaya.

Su ma manyan kamfanonin ba su da tabbas. An rufe GeoCities a 2009 tare da ɗimbin shafukan jama'a da ke kansa. A 2019 aka rufe Google+, a shekarar ce kuma Flickr ya taƙaita masu amfani da shi kyauta ga hotuna 1,000. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Shafin kai na bai wa mutum damar tsara hotuna gari-gari ko makaranta-makaranta, da ajiye su da cikakken ingancinsu. Ana iya yin rajistar adireshi mai ƙarewa da .ng ta hannun dillalan da ƙungiyar NiRA ta amince da su. Sai dai ana sabunta rajistar ne duk shekara, kuma wanda ya daina biya shafinsa zai ɓace. Shi ya sa masu sana'ar ajiyar bayanai ke bin ƙa'idar kwafi uku: a ajiye su a na'urori iri biyu, ɗaya kuma ya kasance a wani wuri dabam. Wanda ya yarda a yi amfani da hotunansa kyauta yana iya ɗora zaɓaɓɓu a Wikimedia Commons, rumbun da Wikipedia ta Hausa ke ɗebo hotuna daga cikinsa.

Izini da doka

A garin da ya ɗanɗana hare-hare, baƙon da ke nuna kyamara ga katangar makaranta zai jawo zargi, kuma ba za a ga laifin masu gadi ba. Mataki na farko shi ne neman izinin hukumar makarantar, zai fi kyau a rubuce. A ƙauye kuma a fara da gaisuwa wurin mai unguwa ko dagaci, a bayyana abin da ake nufi da inda hotunan za su je. Shingayen jami'an tsaro da barikoki ba wuraren ɗaukar hoto ba ne, domin dokar kare sirrin gwamnati ta 1962 ta haramta ɗaukar hoton wuraren tsaro ba da izini ba. Tayar da jirgi maras matuƙi ma na bukatar amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai bai wa Shugaban Ƙasa shawara kan harkokin tsaro.

Game da mutane, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ƙarfafa wannan kariya. Al'adar yankin ma ta riga ta gindaya nata iyakoki: ba a ɗaukar hoton mace ko cikin gida ba da yardar masu shi ba, ba a wallafa fuskar yaro sai da amincewar iyayensa ko malaminsa. Wajen kwanan ɗalibai mata da tsarin ƙofofin shiga makaranta abubuwa ne da bai kamata su fito a shafin da kowa ke iya buɗewa ba.

Shi ma mai ɗaukar hoton doka ta kare shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta bai wa hoto kariyar shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Saboda haka ɗauko hoton wani a saka a shafi ba da izininsa ba keta doka ne, ko da an ambaci sunansa.

Haske da ƙura

Aikin ba ya bukatar kyamara mai tsada, amma yana bukatar sanin lokaci. Ranar tsaka tana ƙone launi tana jefa inuwa mai kauri a fuska, shi ya sa hantsi da bayan la'asar suka fi dacewa. Hazon hunturu na dusashe abin da ke nesa, ƙurarsa kuma na shiga gilashin kyamara, don haka a riƙa goge shi da ƙyalle mai laushi. Damina ce ke fito da kyawun wurare irin su kwarin Goya da ke Ƙaramar Hukumar Fika. Dabarar da ta fi amfani ga tarihi ita ce komawa wuri ɗaya a tsaya a daidai inda aka tsaya a baya, a ɗauki hoto duk shekara, ta yadda jerin hotunan zai nuna sauyin da ido ba ya lura da shi.

Akwai kuma taskar da ta riga ta wanzu tana jiran mai ceto: hotunan yaye ɗalibai da na hawan sallah da na naɗin sarauta da ke cikin akwatunan gidaje da tsofaffin shagunan masu hoto, inda gara da danshi ke cin su sannu a hankali. Ana iya kwafe su da waya cikin 'yan mintuna. Abin da ba ya jira shi ne zama da dattawan da suka san fuskokin da ke cikinsu, a rubuta sunaye da shekaru tun suna raye.