Baƙin man juye ba man giya ba ne

Akwai wata magana da ta zaga garejojinmu har ta zama kamar karatu, kuma na gaji da jin ta. Wai akwatin giya ba ya zaɓen mai, duk abin da aka ɗura masa zai sha, ko da baƙin man da aka juye daga inji ne, tunda akwai maganaɗisu a jikin notin ƙasa wanda zai tsince dattin. Duk mai son jin sakamakon wannan karatu ya je bakin tashar Ɗanbatta ranar Lahadi, ranar da kasuwa ke ci, ya kasa kunne ga tsofaffin motocin da ke shigowa daga Makoɗa da Kazaure da Daura, akori-kura da wagon da J5, ɗauke da buhunan gero da awaki. Wata tana gunji da zarar ta ɗauki giya ta uku. Wata sai direba ya danne sandar da hannu don kada giyar ta fice da kanta. Wata kuwa ba ta shiga ta biyu sai mutanen da ke bakin titi sun ji haƙora na cizon juna. In ka tambaya a ce maka tsufa ne. Tsufa na da nasa rabon, amma da yawa daga motocin nan mai ne ya kashe su, ba shekaru ba.

Akwatin giya ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. Ƙarafa ne masu haƙora da ke juya juna a kan sanduna, da boris da ke riƙe sandunan, da wasu zobba na tagulla da ke daidaita gudun haƙoran kafin su haɗu, su ne ke sa giya ta shiga ba ƙara. A tsofaffin motocinmu masu kulochi, wannan akwati ba shi da famfon mai, ba shi da filta. Haƙoran ne ke tsoma kansu cikin mai su watsa shi sama. Duk abin da ya shiga ciki yana nan yana zagawa har ranar da aka kwance noti. Shi ya sa masu ƙera motoci da dama suka liƙa ɗan maganaɗisu a kan notin juyewa.

Abin da ya sa jita-jitar ta yi ƙarfi shi ne tana da ɗan tushe. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN da ke Kaduna ya fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975, shekarar da 504 ta lashe gasar tseren Safari a Kenya, kuma an ci gaba da haɗa ta a Najeriya har zuwa 2006, shekaru masu yawa bayan Turawa sun daina yin ta a ƙasarsu. Tsofaffin makanikan da suka koyi aiki a kan wannan mota sun san wani abu na gaskiya: littafin 504 da na 505 man inji suka ce a zuba a akwatin giyar hannu, ba man giya mai kauri ba. Haka ne, ba su yi ƙarya ba. Amma sabon man inji littafin ke nufi, daga cikin galan ɗin da aka fasa a gabanka. A hanyar maganar daga maigida zuwa yaro, daga yaro zuwa nasa yaron, sai “sabo” ya faɗi a hanya, aka bar “man inji” kawai. Da tsadar mai ta zo, musamman bayan cire tallafin fetur da sakin naira a 2023, sai bokitin kwandam, wato baƙin man juye, da ke ajiye a lungun gareji ya zama kantin sayen man giya. Sannan abin da aka faɗa a kan Peugeot aka shafa wa kowace mota, har da Golf da Hiace waɗanda nasu littafin man giya na ainihi ya ambata.

To mu duba me ke cikin baƙin man nan da ake cewa “ai da sauransa”. Man da ya yi dubban kilomitoci a cikin inji ya kwashi kunkuniyar ƙonewar fetur, ita ce ta baƙanta shi. Ya kwashi ɗanyen fetur da ya zurara ta gefen fistin, musamman a tsohon inji mai kafireto, fetur kuwa tsinka mai yake yi ya rage masa ƙarfin raba ƙarfe da ƙarfe. Ya kwashi raɓar ruwa da sinadarai masu tsami da ƙonewa ke haifarwa. Ya kwashi garin ƙarfen injin kansa, da na alminiyam, da darma da jan ƙarfe daga mital ɗin ƙaransha. Ya kwashi ƙurar hunturu da ta kuɓuce wa filtar iska, wadda asalinta garin yashi ce. Magungunan da kamfani ya zuba masa don hana cin ƙarfe da tsatsa kuwa sun riga sun ƙare, dalilin juye shi ke nan tun farko. Wato man da inji mai filta ya ce ya gaji da shi, shi ake ɗauka a kai wa akwatin da ba shi da filta ko ɗaya. Ruwan da aka wanke kwanuka da shi ne ake ɗora tuwo da shi, don kawai an tace shi da rariya.

Sai batun maganaɗisun da aka ɗora wa duk wannan nauyi. Ba sai an yi musu ba, kowa na iya gwadawa a gida. A ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, a kanga shi a kan ƙusa, zai cafke. A kanga a kan wayar wuta ta jan ƙarfe, ko tukunyar alminiyam, ko tafin yashi, ko gawayi, ko ruwa. Ba abin da zai ɗauka sai ɗan baƙin gari in yashin na da shi. Baƙin ƙarfe kaɗai maganaɗisu ya sani. Ke nan a cikin jerin abubuwan da na lissafa, guda ɗaya tak yake iya kamawa, shi ma sai wanda ya gifta ta kusa da shi a ƙasan akwati. Yashin zai ci gaba da shiga tsakanin ƙwallayen boris yana gurzar su. Ruwan zai kwanta ya sa tsatsa duk daren da mota ta kwana. Garin tagullar zobban kuwa, wanda shi ne alamar giya ta fara ƙin shiga, maganaɗisu ko kallonsa ba ya yi. Kuma ɗan abin bai wuce kan yatsa ba. In ya cika da gari, na saman ba ya riƙuwa sosai, mai ya sake kwashe shi ya mayar cikin haƙora. Wanda ya ƙera shi ya yi shi ne don ya tara ɗan garin da akwatin ke zubarwa da kansa tsakanin juye da juye, kuma ya nuna wa bakanike halin da ciki yake. Ba a yi shi don ya wanke dattin wani injin ba.

Wani zai ce ai babur ɗinsa mai ɗaya ne ke yi wa inji da giya aiki, kuma lafiya lau. Gaskiya ne, haka ma Mini ta Ingila da ta fito a 1959, da Peugeot 204 da 304, inji da giya wuri ɗaya suke shan mai. Amma a waɗannan, duk lokacin da aka yi juye giyar ma ta samu sabo. Ba wanda ya tsara su don a zuba musu abin da wata motar ta amayar.

Inda abin ya fi ɓata mini rai shi ne aksul na baya. Can haƙoran ba birgima kaɗai suke yi ba, suna goga juna ne a ƙarƙashin nauyin kaya, don haka suke buƙatar man giya mai maganin matsi, irin mai warin farar wuta, wanda galibi ake rubuta wa 80W-90 ko 90 da alamar GL-5. Ko sabon man inji aka zuba a nan, haƙoran cinyewa za su yi, balle kwandam. Akasin haka ma kuskure ne: akwatin giyar da aka ce a ba shi GL-4, kamar na tsofaffin Golf, in aka ɗura masa wasu nau'o'in GL-5 zobban tagulla ne ke shan wahala. Wasu tsofaffin 404 ma aksul ɗinsu na da babban haƙori na tagulla mai buƙatar mai na musamman, kuma tsofaffin Mercedes masu giyar hannu da dama jan man giyar otomatik ake zuba musu. Mota ɗaya, ramuka biyu, mai iri biyu. Wanda ya ce maka “mai ai mai ne” bai buɗe littafin ko ɗaya ba.

Akwai kuma masu cusa giris ko mai lamba 140 a akwatin da ya fara gunji don ya yi shiru a kai shi kasuwa. Wannan algus ne, kuma ba sai an tara malamai ba kafin a san hukuncinsa. Wanda ya saya talaka ne irinka, wataƙila gonarsa ya jinginar. Bakaniken da ya karɓi kuɗin sabon mai ya ɗura tsoho shi ma ya san abin da ya ci. Masu motoci kuma ba su kuɓuta ba, don sau da yawa su ne ke cewa “Malam, ɗan sa mata na bokiti mana, yau ba ciniki.” Akwatin 504 lita ɗaya da 'yan kai yake sha. A auna kuɗin wannan da kuɗin zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa neman wani akwatin na hannu, da kuɗin ɗaurawa, da Lahadi biyu ko uku da mota za ta yi a kan duwatsu ba lodi. Lodin wuce kima da jabun mai da ɗora ƙafa a kan kulochi su ma suna kashe giya, amma waɗannan kowa ya san su.

Ga yadda aikin yake in za a yi shi daidai. A juye mai bayan mota ta ɗan yi tafiya, yana da ɗumi, dattin bai kwanta ba. Motar ta tsaya a wuri mai daidai, ba a kan gangara ba. Kafin a taɓa notin ƙasa, a fara kwance na gefe, wato na zubawa, don an sha ganin wanda ya zubar da mai kaf sannan ya tarar notin zubawa ya kafe, motar ta kwana a gareji ba mai. A goge ƙasar da ke kewaye da notin biyu tukuna. A tari man a cikin kwano mai tsabta, ba a bar shi ya kwarara ƙasa ba, domin akwai abin dubawa a ciki. Mai mota ya tsaya a wurin, ya ce a miƙo masa notin ƙasa kafin yaro ya goge shi da tsumma.

A murza abin da ke kan maganaɗisun tsakanin yatsu biyu. In laushi ne, toka-toka, ba ya sukar yatsa, wannan cin yau da kullum ne, kada wani ya tsorata ka da shi ya ce sai an sauke giya. In ka ji tsini, ko ka ga ɓawon ƙarfe mai ƙyalli, boris ko fuskar haƙori ta fara ɓarewa, a shirya buɗewa tun kafin ta tsaya da kaya a hanyar Kazaure. In guntun haƙori ne sukutum, magana ta ƙare, ba man da zai gyara. Daga nan a fita da kwanon rana a karkata shi. Ƙyalli ruwan zinariya a cikin man, zobban tagulla ne ke cinyewa. Mai da ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, galibi ta ɗan ramin numfashi da ke saman akwati, lokacin da aka kutsa cikin kwari da damina. Warin ƙauri kuma na nufin akwatin ya yi tafiya da ƙarancin mai, sai a nemi inda yake yoyo, a duba sil na wajen farfela.

A wanke notin da kalanzir, a sa sabon washa, a fara ɗaura shi da hannu kafin a sa sifana, don jikin akwatunan nan da yawa alminiyam ne, tiredinsa ba ya jure ƙarfi. In notin ya lalace a nemi irinsa mai maganaɗisu, kada a yarda da wanda aka tsinto a ƙasa mai tsawon da zai iya taɓa haƙori, kada kuma a toshe da itace da leda. A zuba sabon mai da mazurari mai tsabta har ya fara dawowa ta bakin ramin gefe, shi ne ma'auninsa. Ƙari a kan haka kumfa yake jawowa, ya tura mai ta sil.

Game da lokacin canji, littafin motar shi ne alƙali. Wanda nasa ya ɓata tun zamanin mai motar na farko, shawarata ga motar da ke lodin kasuwannin ƙauye ita ce ya canza sau ɗaya a shekara, da kaka, bayan ruwa ya ɗauke kuma kafin jigilar amfanin gona ta kankama, sannan a duba ma'aunin duk lokacin da aka yi juyen inji. In an ratsa ruwan da ya kai cikin mota, kada a jira kaka. Tsohon man kuma a tara shi a jarka a rufe, a ba masu saye. Kada a zuba shi kusa da rijiya ko a kwata, kada a shafa wa dabba a ciwo, yaran gareji kuma su riƙa wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, don daɗewar baƙin mai a fata na cikin abubuwan da likitoci suka danganta da ciwon dajin fata.