PT 109: Fim ɗin Da Shugaban Ƙasa Ya Zaɓi Jaruminsa Da Kansa

Masu karatu, a ce an zo shirya fim a kan rayuwar mutum, shi kuma mutumin yana raye, kuma shi ne shugaban Amurka. Wa zai iya ce masa a'a? To haka kamfanin Warner Bros ya tsinci kansa lokacin shirya PT 109, wanda ya fito a 1963.

Labarin na John F. Kennedy ne tun yana matashin sojan ruwa. A watan Agusta 1943, wani jirgin yaƙin Japan ya banke ƙaramin jirginsu cikin dare kusa da tsibiran Solomon, mutum 2 suka mutu. Kennedy ya yi iyo na sa'o'i yana jan wani abokinsa da ya ƙone, igiyar rigar mutumin a haƙoransa. Saƙon neman agaji ma a jikin kwakwa ya sassaƙa shi.

Kafin a kunna kyamara, sai da Kennedy ya gindaya sharuɗɗa: a faɗi gaskiyar abin da ya faru, ribar ta je ga sojojin jirgin da iyalansu, sannan shi zai zaɓi jarumi. Uwargidansa Jacqueline ta so Warren Beatty, amma Cliff Robertson maigidan ya ɗauka. Abin dariyar, Robertson ya doshi shekara 40, ga shi yana fitowa a matsayin saurayi ɗan 26!

Daraktoci ma ba su sha da daɗi ba. Lewis Milestone ya fara aikin, daga baya aka ba Leslie Martinson ya ƙarasa.

Lokeshin fa? Ba su je Solomon ba, a wani tsibirin jihar Florida aka yi shutin. Irin jiragen na ainihi sun yi wuyar samu, sai aka gyara jiragen ceto na sojan sama suka yi kama da su. Ganin kayan yaƙi a wurin, har raɗe-raɗi ya tashi wai Amurka za ta sake afka wa Kyuba.

Wata biyar bayan fitowar fim ɗin, ranar 22 ga Nuwamba 1963, aka harbe Kennedy a Dallas.

Shi kuwa Robertson, kun san shi sarai. Shi ne dattijon nan Uncle Ben na Spider-Man na 2002. In kun sake kallo, ku duba shi da kyau.