Surfanin Bikin Halowin

A Amurka da Kanada da Ingila da Ayalan ana yin wani biki mai suna Halowin a daren 31 ga watan Oktoba. Yara kan sa tufafin ban tsoro, su bi gida-gida ana ba su alewa. Tun kafin ranar ta zo, masu ɗinkin hannu kan ƙawata ƙyalle da siffofin bikin, kamar jemage da mujiya da fatalwa da kabewa mai fuskar mutum.

Surfani iri biyu ne. A na farko, mai ɗinki yana ƙirga zaren saƙar ƙyalle kafin ya soka allura. A na biyu babu ƙirge, zane ake yi a kan ƙyalle, allura ta bi shi duk inda ya lanƙwasa. Idan kun taɓa ganin aska takwas a gaban babbar riga, to kun ga irin wannan aiki, domin ita ma sai an zana ta kafin a ɗinka.

Bari mu ɗauki yanar gizo-gizo. Ku sami baƙin ƙyalle na auduga, ku ɗaure shi a cikin zoben katako har ya yi tauri kamar fatar ganga. Da farin alli za ku yi zanen, don tawada ba ta fitowa a kan baƙi. Ku ja layuka takwas daga tsakiya zuwa gefe, sannan ku haɗa su da gajerun layuka masu lanƙwasa. Kada ku damu idan ba su daidaita ba. Yanar da ta ɗan karkace ta fi kama da ta tsohon kango, ta kuma fi ban tsoro.

Zaren surfani yana da sili shida. Ku ware sili ɗaya ko biyu na fari domin yanar, ku yi ɗinkin koma-baya, wato kowane taku na allura ya koma inda na baya ya tsaya. Kabewa kuwa cike take bukata: a jera zare ruwan goro kusa da kusa har ƙyalle ya ɓuya. Idanun gizo-gizo ƙulli ne kawai, a naɗe zare sau biyu a jikin allura, a soka.

A nan ne sabon hannu kan yi asara. Idan kuka ja zare da ƙarfi, ƙyallen zai tattare da zarar an cire shi daga zobe, kuma guga ba za ta miƙar da shi ba. Idan kuka yi sako-sako, zaren cike zai riƙa kama abubuwa. Saboda haka ku raba kabewar kashi-kashi, ku cike kowane kashi shi kaɗai da gajeren taku. Bayan kun gama, ku goge sauran allin da ɗanyen tsumma, ku kife ƙyallen a kan tawul, ku yi masa guga ta baya.