Abin da ke hannunka da abin da ba ya hannunka

Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani mutumin tsibirin Kubrus mai suna Zeno ya fara koyarwa a wata rumfa da ke bakin kasuwar birnin Atina, a ƙasar Girka. Nan falsafar Sitoyik ta samo asali, daga baya ta yi ƙarfi a daular Rum. Manyanta uku da koyarwarsu ta iso gare mu ba tsaran juna ba ne: Efiktetus bawa ne da aka 'yanta, Seneka attajiri ne mai ba sarki Nero shawara, Markus Oreliyus kuwa shi ne sarkin Rum daga shekara ta 161 zuwa 180.

Efiktetus ya kasa al'amuran rayuwa gida biyu. Akwai abin da ke hannun mutum: niyyarsa, yadda yake kallon abu, da matakin da zai ɗauka. Akwai kuma wanda ya fi ƙarfinsa: bakin mutane, tsadar kaya, tsufa da mutuwa. Wahala tana farawa ne idan aka cakuɗa biyun.

A ɗauki mai shagon da ya ba da bashi, ranar alkawari ta wuce, wayar mutumin a kashe. Duba littafin bashi, zuwa da shaidu, da magana ba zagi, duk suna hannunsa. Zuciyar wanda ya ci bashin kuwa ba ta hannunsa, kuma kwana yana juyi a kan gado ba zai dawo da ko sisi ba.

Wannan ba naɗe hannu ba ne. Markus ya rubuta wani sashe na tunane-tunanensa yana sansanin yaƙi a yankin kogin Danub. Abin da masu falsafar Sitoyik suke nema ga mutum shi ne hikima, jarumta, adalci da kamun kai.

Mai son farawa ya ɗauki ɗabi'u biyu. Da safe ya sa a ransa, kamar yadda Markus yake yi, cewa yau zai haɗu da mai butulci da mai girman kai, don kada su zo masa da bazata. Da dare kuma ya yi wa kansa hisabi. Seneka yakan jira a ɗauke fitila, matarsa ta yi shiru, sannan ya bi yininsa daki-daki: ina ya yi fushi, ina ya wuce gona da iri. Duk kuskuren da ka gano a daren, gyaransa yana hannunka gobe.