Hausawan Sudan: a zauna ko a tashi?

Tun daga ranar 15 ga watan Afrilun 2023, lokacin da faɗa ya ɓarke a birnin Khartum tsakanin sojojin gwamnati a ƙarƙashin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Janar Muhammad Hamdan Dagalo, magidanta a Sudan suke kwana suna tashi da tambaya ɗaya: shin a ci gaba da zama, ko kuwa a ɗaure kaya, in kuma tashin za a yi, ina aka dosa? Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce yaƙin ya raba mutane fiye da miliyan 11 da gidajensu. Ga Hausawan ƙasar kuwa, tambayar ta fi nauyi, domin kakanninsu sun taɓa amsa irinta, kuma amsar da suka bayar ita ce ta kai zuriyarsu Sudan.

A shekarar 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira zuwa gabas tare da ɗimbin jama'a, waɗanda suka ga cewa duniyar da suka sani ta zo ƙarshe. An kashe shi a Burmi a wannan shekara, amma ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya har ya kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Kogin Nilu, kusa da Sinnar. Kafin su da bayansu akwai mahajjata masu tafiya Makka a ƙasa, waɗanda guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya noma, daga baya kuma gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925 suka riƙe su. Jikokinsu ne yau suke Gadarif da Kassala da Damazin da Wad Madani, inda ake kiransu Fallata ko Takari.

Fargabarsu ta riga yaƙin zuwa. A watan Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan da Hausawa suka nemi a ba su masarautarsu ta gargajiya, abin da maƙwabta suka ɗauka neman mallakar ƙasa ne. An kashe mutane fiye da 100. A watan Oktoba na wannan shekara aka sake gwabzawa a Wad al-Mahi, inda aka yi asarar rayuka kimanin 200. Wanda aka ƙona wa gida ana ce masa baƙo, alhali kakansa a nan aka binne shi, ba ya bukatar a yi masa bayanin yadda zaman tare yake rushewa.

To sai dai yaƙin ya nuna cewa wurin tsira ma yana da wa'adi. Da Khartum ta rikice, dubban ɗaruruwan mutane suka kwarara zuwa Wad Madani, kowa na ganin cewa wuta ba za ta kai can ba. Aka kama hayar ɗakuna da tsada, ƙungiyoyin agaji suka mayar da ofisoshinsu can. A watan Disambar 2023 dakarun RSF suka shiga garin cikin 'yan kwanaki. Waɗanda suka gudu kudu zuwa Sinja, su ma ba su daɗe ba, domin garin ya faɗi a ƙarshen watan Yunin 2024. Ta haka iyalai da dama suka yi gudun hijira sau biyu ko sau uku, kuma kowane tashi yana cin abin da ya rage na zinariyar mata da kuɗin jari. Masu lura da al'amura na ganin cewa nisa daga fagen daga bai isa ya zama ma'auni ba; abin da ya fi taimakon masu gudu shi ne dangi a wurin da aka nufa, da hanyar fita fiye da ɗaya, da takardun shaida a hannu.

Batun takardu kuwa tsohon miki ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗora sharaɗi kan zaman kakanni a Sudan tun ƙarshen ƙarni na 19, abin da ya bar yawancin 'yan asalin Afirka ta Yamma cikin wahalar samun shaida shekara da shekaru. Masar, wadda da farko ta bar mata da yara da tsofaffi su shiga ba tare da biza ba, ta wajabta biza ga kowane ɗan Sudan a watan Yunin 2023. Chadi ta karɓi ɗaruruwan dubbai ta garin Adre, amma wannan hanya ce ta mutanen Darfur, ba ta mazauna gabas ba.

Sau da yawa akan ji ana cewa, me zai hana su koma gida Najeriya ko Nijar? Tambayar ta fi sauƙi a baki. A watannin Afrilu da Mayun 2023 gwamnatin Najeriya ta kwashe 'yan ƙasarta, akasarinsu ɗalibai, ta Masar da Port Sudan, amma waɗannan masu fasfo ne da iyaye suke jira a Kano ko Maiduguri. Bahaushen Mai Wurno ɗan Sudan ne, Larabci ya fi zama a bakin 'ya'yansa, gonarsa da kabarin mahaifinsa suna can, kuma abin da ya sani game da Sakkwato ko Haɗeja labari ne da ya ji a bakin tsofaffi. Balle ma yana jin labarin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina kamar yadda kowa yake ji.

Waɗanda suka zaɓi zama, ko kuma rashin kuɗin mota ya zaɓa musu, sun dogara ne da juna. A unguwannin Khartum da Omdurman matasa sun kafa kwamitocin agajin gaggawa, aka farfaɗo da takiyya, wato tukunyar sadaka irin ta zawiyoyin Sufaye, inda ake dafa wake ko adas a raba wa unguwa. Kuɗin cefane yakan zo daga 'yan uwa mazauna Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa ta manhajar Bankak ta Bankin Khartum, kuma da aka katse intanet a watan Fabrairun 2024, tukwane da yawa suka sauka daga murhu. Wasu gidajen kuma sun raba ƙafa: mata da yara su tafi Gadarif ko Kassala, maigida ya tsaya gadin gida, domin gidan da aka bari ba kowa shi ne ake fara wawashewa.

Sojojin gwamnati sun ƙwato Sinja a watan Nuwambar 2024, Wad Madani a Janairun 2025, sannan Khartum a watan Maris, kuma Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ƙirga mutane sama da miliyan 2 da suka koma yankunansu a 2025. Da yawa sun tarar da gidaje babu ƙofofi, babu wayoyin lantarki, ga kwalara. A watan Oktoba na wannan shekara kuma birnin El-Fasher na Darfur ya faɗa hannun RSF, bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi.