Katangar Itatuwa: Dasawa da Tsarewa Daga Dabbobi

Manoman Gwarzo da Kabo sun san ɓarnar iska. Da hunturu takan taso daga arewa maso gabas, ta busar da ƙasa. Da bazara kuma guguwa kan zo daga gabas kafin ruwa ya sauka. Takan kwashe ƙasar sama mai taki, ta binne shuka da rairayi, ta yaye rufin ɗaki. Maganin wannan ɓarna shi ne katangar itatuwa, wato itatuwan da aka dasa a jere don su tare iska.

Wane itace ya dace?

Ba kowane itace ne ke tare iska duk shekara ba. Kuka takan zubar da ganye da rani. Gawo yakan zubar da nasa da damina. Ana son itacen da ba ya rabuwa da ganye. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon-yaro, ita ce kan gaba. Asalinta daga ƙasar Indiya ne. An kawo ta Borno a 1928, daga nan ta bazu ko'ina a Arewa. Tana jure fari, tana kuma girma da sauri. Itacen turare ma yana yi, amma yana da shan ruwa, don haka a nisanta shi daga shuka. Mangwaro ya dace da gefen lambu ko bayan gida.

Darasi daga Nijar

A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, iska ta taɓa hana manoma sakat. A 1975 aka fara dasa darbejiya a can, da taimakon ƙungiyar CARE. An yi layi biyu-biyu, an bar kamar mita 100 tsakanin katanga da katanga. Da itatuwan suka girma, gero ya ƙara albarka a gonakin da ke tsakani. Amma ba dashe kaɗai ya kawo nasarar ba. An ɗauki masu gadi, an hana dabbobi shiga wurin har itatuwan suka yi ƙarfi.

Yadda ake dasawa

A ja layi a gefen gona na gabas da na arewa. A yi layi biyu. A bar taku huɗu tsakanin rami da rami. Ramukan layi na biyu su faɗo daidai tsakanin na layi na farko, don su toshe kafa.

Kowane rami ya kai kamu ɗaya a zurfi, kamu ɗaya a faɗi. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara.

A dasa idan damina ta zauna, wato wajen watan Yuli. Yamma ta fi dacewa. A yanke ledar a cire ta ba tare da an fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba. A sa dashen a rami, a mayar da ƙasa, a danna da ƙafa. A bar ɗan kwari a gindi don ruwa ya tsaya.

Katanga takan kare fili kamar ninki goma na tsayinta. Idan itatuwa sun kai mita 10, za su kare gona har kusan mita 100.

Ɓarnar dabbobi

Da an gama kaka ake sakin dabbobi. A lokacin ciyawa ta bushe, dashe kaɗai ne kore a fili. Darbejiya tana da ɗaci, amma akuya mai jin yunwa ba ta barin ta.

Akuya takan cinye kan tsiro. Daga nan itace ke yin tsawo. Idan an cinye shi, sai itacen ya tsugune, ya zama kututture mai 'yan rassa. Takan kuma ɓare ɓawo. Ta cikin ɓawo abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa. Idan aka ɓare shi zagaye, itacen ya mutu ke nan. Shanu kuma sukan tattake dashe, ko su soshe jikinsu da shi har ya karye.

Mutuwar itace ɗaya ba ƙaramar asara ba ce. Takan bar kafa a katanga. Iskar da ta bi ta kafa takan ƙara ƙarfi, kamar yadda ruwa ke yi a ƙunƙuntar hanya.

Yadda ake tsarewa

Na ɗaya, a kafa sanduna huɗu kewaye da dashe, a ɗaura ƙayar magarya ko ta sarƙaƙiya. Shingen ya kai tsayin ƙirjin mutum ko fiye, domin akuya takan miƙe da ƙafafun baya.

Na biyu, ana iya gina da'ira da tubali, a bar 'yan kafofi don iska da haske su shiga.

Na uku, wanda ya yi shinge da kara ya riƙa dubawa. Gara tana son kara, daga nan sai ta koma kan dashe. A zuba toka a gindi, a sake karan idan ya ruɓe.

Na huɗu, a dasa aguwa ko bini-da-zugu a wajen layin. Dabbobi ba sa cin su. Idan sun haɗe, za su hana shiga, su kuma toshe iskar da ke bi ta ƙasa. A hana yara cin 'ya'yan bini-da-zugu, domin guba ne.

Na biyar, a share busasshiyar ciyawa a gefen layi kafin lokacin gobarar daji.

Kada a cire shinge sai kan itacen ya wuce bakin akuya, kuma jikinsa ya yi kauri. Wannan yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku. Duk wanda ya mutu, a maye gurbinsa da damina mai zuwa. Idan saiwa ta fara shiga gona, a haƙa ɗan lambatu a gefen layi a datse ta.

Aikin gayya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Katangar da ta ratsa gonaki goma ta fi ta gona ɗaya amfani. Ko a Getso ne ko Kutama, ko a Garo ne ko Durun, ya kamata maƙwabta su je gaban mai unguwa da dagaci tun kafin damina. A gayyaci makiyaya, a bar musu burtali da hanyar mashaya. A tsayar da doka kan dabbar da ta yi ɓarna. Don samun dashe, a tuntuɓi malamin gona ko malamin daji na ƙaramar hukuma.

Dasawa aikin yini ɗaya ne, tsarewa kuwa aikin shekara uku. Wanda ya jure, 'ya'yansa za su gaji gona mai ƙasa, da inuwa, da itacen girki. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.