Littafi nawa ka karanta bana? Lissafin karatu a yankin da ake lissafin ruwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, da zarar ya kawo Kura zai ga ƙasa ta sauya kama. Baya ya baro ƙura da busassun karare, nan kuwa kore ne shar: shinkafa, albasa, masara, alkama da tumatir. Ruwan da ke raya su daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya bi magudanai ya ratsa gonakin ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam.

Manomin wannan yanki mutum ne mai lissafi. Ya san ranar da ya yi dashe, ya san buhun taki nawa ya zuba, ya san ranar da ban ruwa zai zagayo kansa, ya kuma san kwando nawa ya kai kasuwar Kwanar Gafan. Sai dai akwai tambaya guda da ba kowa ke da amsarta ba, ko da cikin matasan da suka gama makaranta suke yini da waya a hannu: daga bara zuwa bana, littafi nawa ka fara har ka kai ƙarshensa?

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A ƙasashe da dama, masu son littafi sun mayar da wannan tambaya tamkar alkawari tsakanin mutum da kansa. Idan shekara ta kama, sai ya yanke adadin da zai karanta, wani 12, wato ɗaya a wata, wani 52, ɗaya a mako, ya riƙa rubuta duk wanda ya gama.

Dandalin Goodreads, wanda aka buɗe a 2007 kuma kamfanin Amazon ya saye shi a 2013, shi ya ƙara yaɗa wannan al'ada. Tun 2011 yake bai wa masu amfani da shi damar sa wa kansu adadi, ya riƙa nuna musu ko suna gaba ko an bar su a baya. Wasu kuma ba adadi kaɗai suke bi ba. Wata marubuciya 'yar Birtaniya, Ann Morgan, ta ɗauki shekarar 2012 tana neman karanta littafi guda daga kowace ƙasa ta duniya, ƙasashe 196, bayan ta lura cewa kusan duk abin da ke kantarta na Ingila ne da Amurka.

Mai karatu zai iya cewa wannan harkar masu wutar lantarki ce da kantunan littattafai a kowace unguwa. Amma idan aka duba da kyau, Bahaushe ya daɗe da nasa tsarin.

Izu biyu a rana

Babu garin da ba a san saukar Alƙur'ani a watan azumi ba. Izu 60 ne, kwana 30 ne, don haka izu biyu a rana. Wanda ya ga biyun sun yi masa yawa a zama ɗaya sai ya rarraba su bayan salloli, domin kowane izu an riga an kasa shi rubu'i huɗu, sumuni takwas. Wanda ya sha ruwa a rana ta goma yana izu na 14 ba ya buƙatar a gaya masa cewa ana bin sa bashin izu shida.

Haka a makarantar zaure. Ɗalibin fiƙihu ya san matakalar da zai hau: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, a haka har Muhtasar. Ba a tsallake, kuma kowace rana daga inda aka kwana ake tashi. Idan an sauke littafi a yi walima, a sha kunu, a yi addu'a.

Wato dai akwai buri bayyananne, akwai rabo na kowace rana, akwai alamar inda aka tsaya, akwai kuma wanda ake biya wa. Waɗannan abubuwa huɗu su ne ƙashin bayan duk wani shirin karatu, ko a Kura ko a Landan. Abin da ya rage shi ne a kai su ga sauran karatu: labari, tarihi, ilimin noma, waƙa.

Karatu ya koma waya, lissafi ya ɓace

Ba a daina karatu ba. Mata musamman sun riƙe littattafan Hausa tun zamanin da Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka cika kasuwa, lokacin da littafi guda kan zaga gida biyar har bangonsa ya cire. A wancan lokaci mai shagon haya ne ke riƙe lissafi: sunanki a rubuce, ranar da kika ɗauka a rubuce, idan kin wuce lokaci kuɗi ya ƙaru.

Yanzu yawancin sababbin labarai ta WhatsApp da Wattpad da YouTube suke zuwa, gutsure-gutsure. Ana iya bin labari uku a lokaci guda, a bar biyu a hanya, na ukun ma a manta sunan wadda ta rubuta shi. Ga saƙonni na shigowa, ga bidiyo na jira. Mutum ya shafe awa uku ido a kan waya, ya tashi ya rasa abin da zai ce ya ƙaru da shi.

Asarar ba ta tsaya ga nishaɗi ba. Matashin da bai saba zama da rubutu mai tsawo ba shi ne zai sha wuya a jarrabawa, shi ne kuma zai sa hannu a takardar rancen noma bai karanta sharuɗɗan ba, ko ya haɗa maganin feshi da ka alhali ma'aunin na jikin kwalba. Manoman tumatir ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da suke kira Sharon ta cinye gonaki a Kano. Irin wannan lokaci ne ke nuna amfanin wanda zai iya karanta takardar malaman gona ya fassara wa maƙwabtansa.

Ka auna da kakar noma

Kuskuren da ake yi shi ne ɗauko adadin wasu. Littafi 52 a shekara ba na mutumin da zai kwana a gona yana jiran ruwa ba ne, ba kuma na matar da za ta yini tana turara shinkafa ba. Shekarar mai noman rani ba a shimfiɗe take ba. Makon dashe da makon yanka da bugu ba su da sarari, amma tsakaninsu akwai kwanakin jira, akwai zaman gadin tsuntsu, akwai daren da aka dawo da wuri.

Saboda haka ya fi sauƙi a ɗaura buri a kan kaka guda. Shinkafa kan yi kimanin wata huɗu kafin ta isa yanka. Wanda ya riƙe shafi 10 a rana tsawon kwana 120 ya karanta shafi 1,200. A cire masa kwana 30 na tsananin aiki, har yanzu yana da 900. Shafi goma kuwa bai wuce abin da za a gama kafin shayi ya huce ba.

Shafi 900 ya isa a sauke littattafan nan biyar da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, waɗanda da su aka buɗe ƙagaggen labari a rubutun boko: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Duk ba su da kauri. Mutane da yawa sun san sunayensu tun firamare, amma waɗanda suka karanta biyar ɗin duka ba su kai masu jin sunan ba.

Kaka ta gaba a ɗauki Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku. Shi dama a yanke yake: aku ne ke ba da labari bayan labari, don haka ɗaya a dare ya wadatar. Daga nan a matsa zuwa na 1980, irin su So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Wanda ya bi wannan jeri zai ga da idonsa yadda Hausar rubutu da tunanin marubuta suka sauya cikin shekara hamsin.

Littafin lissafi

Ba sai da manhaja ba. Ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya isa, ko shafin ajiyar rubutu na waya. A ja layi huɗu: kwanan wata, sunan littafi da marubucinsa, shafin da aka tsaya, sai jimla ɗaya a kan abin da ya tsaya maka a rai.

Layi na huɗun nan ya fi sauran muhimmanci. Shi ke bambanta wanda ya karanta da wanda ya wuce ta kan haruffa. Bayan wata shida, idan ka buɗe ka ga ka rubuta cewa wani hali na Malam Zurƙe ya tuna maka da wani dillalin shinkafa, labarin zai dawo maka gaba ɗaya.

Mai bin labari a waya sai ya ƙirga babi ko mintuna maimakon shafi. Wadda ke saurare tana aikin gida ita ma ta rubuta nata, domin sauraro ma hanya ce, kuma gidajen rediyon Kano sun daɗe suna karanta littattafai ga masu saurare. A dai rubuta sunan marubuci, a kuma biya shi haƙƙinsa idan littafin na kuɗi ne, a daina tura wa jama'a abin da wani ya ɓata dare yana rubutawa.

Sannan a samu wanda za a biya wa. Abokai uku a majalisa, ko mata uku a gida ɗaya, su sayi littattafai daban-daban su riƙa musaya, ranar Juma'a kowa ya faɗi inda ya kai. Kunyar a ce ba ka motsa ba tun makon jiya kan yi aikin da ƙararrawar waya ba ta yi.

Inda lissafi ke ɓata karatu

Akwai tarko. Masu irin wannan shiri a ƙasashen waje sun sha kokawa cewa idan shekara ta zo ƙarewa sai su koma zaɓen ƙananan littattafai don cike adadi, su guje wa mai kauri ko da shi ne suke buƙata. Wasu kuma hoton bango suke sawa a Facebook, cikin littafin bai gan su ba.

Manomi ya san wannan. Yawan buhu ba shi ne riba ba idan rabi ƙaiƙayi ne. Littafin tarihi guda da aka yi wata biyu a kansa aka fahimta ya fi goma da aka bi a guje. Idan littafi ya ƙi shiga bayan shafi 40 ko 50, a ajiye shi, a rubuta dalili, a ɗauki wani. Idan mako ya wuce ba a buɗe komai ba saboda ana yanka, ba a ce shiri ya rushe ba, daga inda aka kwana za a tashi.

Ranar 23 ga Afrilu ce Ranar Littafi ta Duniya, wadda UNESCO ta ware tun 1995, kuma tana faɗowa ne lokacin da noman rani ya yi nisa a Kura da Bunkure. Wanda ya buɗe littafin lissafinsa ranar da ya zuba iri, zuwa lokacin yana da abin nunawa. Farkon abin da zai rubuta bai wuce layi biyu ba: ranar yau, da sunan littafin da zai buɗe bayan sallar isha'i.